Ɗan aiken haske tsakanin babbar wuta da ƙarama

Malamaina, ɗalibai, da ku masu gyaran kayan lantarki da kuka taso tun daga Agye da Gidan Rumji, sannunku da zuwa.

Wutar da muke sha a nan daga Katsina take fitowa, kan layin kilovolt 132 da ke sauka a Gazawa, sannan kamfanin lantarki na NIGELEC ya raba ta, wata ta nufi Maraɗi, wata Damagaram. Kowa ya tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta. Amma ku tambayi mai injin niƙa ko mai firji: ɗaukewar wuta da sauƙi, wadda ta zo rabi-rabi ita ce mai ƙona inji.

Maganin wannan shi ne a sa mai gadi, ɗan allon lantarki da zai kashe inji da zarar ƙarfin wuta ya faɗi. Sai dai shi da volt 5 yake rayuwa, layin kuma 220 ne. In suka taɓa juna ya ƙone, wataƙila har da mai riƙe da shi.

Mu Hausawa mun san wannan matsala. Suruki ba ya tunkarar surukarsa da magana, yaro ake aikawa. Yaron a nan sunansa optokupla. Cikinsa akwai 'yar fitila mai hasken da ido ba ya gani, gabanta taransisto mai jin haske, tsakaninsu kuma babu waya ko ɗaya. Haske kaɗai ke tsallakawa. Ku fasa cajar waya mai kyau, sau da yawa za ku ga PC817, baƙi, mai ƙafa huɗu; tazarar cikinsa tana jure volt 5,000 na ɗan lokaci.

Optokuplan da aka ƙera musamman don gadin iyakar ƙarfin wuta shi ne HCPL-3700, ƙirar Hewlett-Packard tun asali. Yana kunnuwa a wajen miliamfa 2.5, ba ya sakewa sai wuta ta sauka zuwa wajen 1.3. Wannan rata da gangan aka bar ta, kuma ita ta fi burge ni. Ba don ita ba, wuta mai rawa a bakin iyaka sai ta sa inji ya yi ta tashi yana mutuwa har ya gaji. Rezistans ɗin da kuka ɗaura masa a gaba shi ke yanke inda iyakar za ta tsaya, ko ƙarfin wuta kuke gadi ko yawan wadda ke gudana a waya.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, fitilar cikin optokupla tana dusashewa da shekaru, zafin Afrilu kuma na gaggauta mata tsufa, don haka kada ku lissafa iyaka a ƙurarre. Na biyu, kada ku maye gurbin optokupla da waya: na taɓa buɗe wata inbata da aka kawo mini, na tarar wani ya cire optokupla ya haɗe wurin da guntun waya. Tana aiki kuwa. Amma wutar layi ta riga ta tsallaka ɓangaren da hannu ke taɓawa, ga shi a gidan yara ne ke kunna ta.