Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Wa Zai Riƙe, Wa Zai Tambaya?

 

An nemi in yi tsokaci a kan muhawarar da ake yi game da 'yancin ƙananan hukumomi. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne, alli na sani, amma alli ma da kuɗin ƙaramar hukuma ake sayensa.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da makullinsa ba, kuma kada a ba da kuɗi ga shugabannin riƙo waɗanda ba zaɓarsu aka yi ba. Jama'a sun yi murna, ni ma na yi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kason da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Talaka ne ya biya wannan ƙarin: manomin rani da ke zuba mai a injin ban-ruwa a bakin madatsar Thomas, da mai kai dabba kasuwa, da ɗalibin da ke hawa mota zuwa Kano. Adalci ne kuɗin ya dawo kusa da shi.

Sai dai ina da tsoro, kuma tsoron wanda maciji ya taɓa sara ne. A 1991 gwamnatin soja ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta miƙa albashin malamai ga ƙananan hukumomi. A inda nake koyarwa a lokacin, mun yi watanni ba albashi. Na ga malamin da ya sayar da kekensa, na ga wanda ya bar aji ya koma ƙwadago a gonar uban ɗalibinsa. Sai a 1993 aka maido da hukumar. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta ƙasa ke cewa a ba da 'yancin, amma a killace albashin malami tun daga sama. Ina tare da su a nan.

Wani abu kuma. Lokacin da marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, an sauke wa talaka kaya mai nauyi, ba shakka. Amma ina ganin daga nan muka rage tambaya, domin kuɗin da ke zuwa daga Abuja muna ɗaukarsa kamar kyauta. Iyayenmu da suka biya haraji sun san na wane ne.

Don haka ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya su kafa kwamiti na mutum biyar, har da mace da malamin makaranta, wanda zai riƙa samo adadin kason Ɗanbatta na kowane wata, tun da ana wallafa shi, a karanta mana a taro, sannan a zauna da kansilolinmu cikin ladabi a ji inda ya shiga. In an amince, na ba da sunana a matsayin mai rubutu.