Tsoron Makaranta da Lafiyar Bakin Yaro

 

Yaro yakan shigo aji ɗaya yana ɗan shekara 6. A daidai wannan shekara ce turamensa na farko na dindindin suke fitowa can ƙuryar baki, bayan haƙoran nono guda 20. Babu haƙorin da ke faɗuwa kafin su fito, shi ya sa iyaye da yawa suke zaton za a yi famfararsu. Ba a yi. Idan suka rube, sun tafi ke nan. Wato shekarar da muke karɓar yaro ita ce shekarar da yake karɓar haƙoran da zai yi tauna da su har tsufansa.

To, me ya haɗa wannan da mu? Tsoro. Kowa ya san fargaba tana busar da baki. Miyau kuwa shi ke wanke ragowar abinci, ya kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke samarwa daga sukari, wanda ke cin haƙori. Yaron da ya wuni yana kallon bulala, bakinsa ya rasa mai gadi. Wani kuma damuwar takan bi shi gida, ya riƙa tauna haƙora cikin barci, ko cin farce da gindin fensir, musamman 'yan aji shida idan jarrabawa ta matso.

Ku dubi mai gudun dukan makara. Bai yi asuwaki ba, bai karya ba, kuɗin tara kuma sun ƙare a alewa da cingam a bakin ƙofa. Ranar da haƙori ya yi kogo, ba zai faɗa ba. Sai ya dafe kunci ya yi shiru, a kira shi daƙiƙi. Wadda ake yi wa tsiyar wawulo ko warin baki kuwa, ta daina ɗaga hannu ke nan.

Roƙona ga reshe ba ya cin kuɗi. A sauya horon makara da abin da ba duka ba, a bar yara su sha ruwa su kurkure baki bayan tara, a tsawata wa masu tsokana. Mai kumburin dasashi ko kunci, a kira iyayensa a ranar, a tura su asibiti. Ina kuma ba da shawarar kowane hedimasta ya ware taron safe na 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, a gayyato ma'aikacin lafiya ya duba bakin 'yan aji ɗaya.