Amsar Wasiƙunku: Shin Ƙuri'ar Talaka Tana da Wani Amfani?

Wasiƙar da za mu amsa a wannan mako ta fito ne daga wani manomi a yankin Gwadabawa ta jihar Sakkwato, wanda kuma yake taɓa sana'ar albasa. Ya ce shi ya gaji. Tun 1999 yake bin layi, rana ta dake shi, ya bar gona, ya rasa cinikin yini guda, amma har yau hanyar garinsu mota ba ta shiga da damina. Shi ne yake tambaya, me zai hana ya ajiye katinsa ya huta, tun da manya sun riga sun gama shirya abinsu?

To Malam, mun ji kukanka, kuma ba za mu ce maka ƙarya kake ba. Amma bari mu fara da gida. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, Aminu Waziri Tambuwal ya ci ne da ratar ƙuri'a 342 kacal. Ka ji fa, 342! Ranar kasuwa, mutanen da ke layin 'yan albasa kaɗai sun fi haka. Da wani ƙauye guda ya ce ya gaji kamar yadda kake faɗi, da labarin jiha sukutum ya sha bamban. A jihar Osun ma, a 2018, ratar da ta raba manyan 'yan takara biyu ba ta kai 500 ba.

Ga kuma wani lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Wato a cikin mutum huɗu, wajen uku sun zauna gida. Wanda ya ci, da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9 ya ci. Kuma ka sani, mai maguɗi ba abin da yake so kamar rumfar da ba kowa. Inda mutum ɗari huɗu suka tsaya suna kallo, ƙara sifili a takarda sai an yi gumi. Inda mutum talatin suka zo suka watse kuwa, ai sai yadda ya ga dama.

Kada kuma mu manta, wannan kati ba kyauta aka ba mu ba. Iyayenmu mata a Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan maganar. Saboda haka Malam, in za ka fita, a bar uwargida ma ta fita.

Yanzu sai batun gyara, don gaskiya akwai ɓaraka. Ta farko tamu ce, mu masu zaɓe. Ana gobe zaɓe a shigo gari da taliya da sabulu da turmin atamfa, ko a tsaya bayan rumfa ana miƙa 'yan kuɗi. Kai ɗan kasuwa ne, yi lissafi da kanka. Shekara huɗu kwana 1,460 ne da ɗoriya. Raba abin da aka ba ka gida 1,460, ka ga nawa aka saye ka a kullum. Ko ƙwayar goro ba zai saya ba. Shi kuwa wanda ya raba, jari ya zuba, kuma daga kuɗin takinka da na asibitin garinku zai fanshe har da riba. Doka ta hana saye da sayar da ƙuri'a, sai dai da wuya ka ji an ɗaure wani babba a kai. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007, ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe, a kuma cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban hukumar zaɓe. Ai ɗan wasa ba ya naɗa alƙalin wasa. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi ina ya tsaya a kan wannan.

Na'ura ta taimaka, ba mu musa ba. A 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, aka kawo mai tantance kati, kuma a shekarar ne shugaba mai ci ya faɗi zaɓe har ya buga waya ya taya abokin karawarsa murna. A 2023 aka yi aiki da BVAS mai duba yatsa da fuska. Amma da aka zo ɗora sakamakon shugaban ƙasa a intanet, sai aka yi ta jinkiri, zargi ya cika gari. Na'ura ba ta da amana, mai riƙe da ita ne ke da ita ko ya rasa.

Sai ƙuri'un da ke lalacewa. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, takarda kamar tabarma, aka soke ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. A ƙasar Gambiya kuwa, ɗan dutse ake ba mutum ya jefa a gangar ɗan takarar da yake so, ƙararrawa ta kaɗa, ko bai taɓa shiga aji ba ba zai ruɗe ba. Da wannan dutsen suka kayar da Yahya Jammeh a 2016. Ba mu ce a kwaikwaye su ba, amma a sauƙaƙa wa mutanen karkara.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne zaɓen ƙananan hukumomi, wanda hukumomin zaɓe na jihohi ke gudanarwa. Kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke lashe kujeru kaf, har na kansila. Alhali hanyar garinku da rijiyar burtsatse da rumfunan kasuwa, ciyaman da kansila ne suka fi kusa da su. Nan ya kamata a fi matsa lamba.

Kafin nan, ga abin da ke hannunka. Ka duba sunanka tun da wuri, kada ka ba kowa ajiyar katinka komai alkawari. Ranar zaɓe ka dangwala a cikin gida ɗaya, kada tawada ta tsallaka layi. In ka jefa, kada ka tafi. Ku tsaya lami lafiya a ƙirga a gabanku, a faɗi adadi da ƙarfi, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna takardar a bango, mai waya a cikinku ya ɗauki hotonta.

A gai da mutanen Gwadabawa. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.