Littafin da Ke Hannuna

Kwanakin nan, in na sauke tukunya yara sun tafi Islamiyya, littafin Balaraba Ramat Yakubu nake buɗewa, Wa Zai Auri Jahila?, wanda ya fito a 1990. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, Sarkin Noma. Ba zan ƙarasa muku ba. To amma ke uwargida, in maigida ya fara zancen 'yarki ta isa aure, ki aika a nemo miki shi. In ba kya karanta boko, ita yarinyar ta karanta miki bayan isha'i. Ki bar ƙofar ɗaki a buɗe, ko Malam zai jiyo.