Tundurmi ba jifa ba ne, aikin sauro ne

Yau kan tundurmi zan yi magana.

Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu, ƙafarsa ɗaya ta kumbura kamar turmi, ko takalmi ba ta shiga. Mu yara da mun hango shi sai gudu, wai asiri ya taka. Sai da na girma na gane ashe sauro ne. Wallahi har yau abin yana damuna.

To ga yadda take. Sauro ya ciji mai cutar, ya kwashi ƙwayoyin tsutsa a jininsa, in ya cije ka ya bar maka su. Su shige hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki, wajen kaluluwa, su girma su yi shekara 6 zuwa 8 suna zuba 'ya'ya miliyoyi. Hanyoyin su lalace, ruwa ya taru, ƙafa ko hannu ko nono ya kumbura. A maza kuma ta sauka a maraina, gwaiwa ke nan.

Abin tsoron, galibi tun ana yara ake kamuwa, kuma mutum zai yi shekaru garau alhali yana yaɗa ta.

Amma fa tana jin magani. Ƙwayoyin nan da ake bi gida-gida ana rabawa kyauta, a auna tsayinka da sanda, Mectizan da albendazole ne. Sau ɗaya a shekara, aƙalla shekara 5. Da su da gidan sauro aka katse yaɗuwarta a jihohin Filato da Nasarawa, aka sanar a 2017. Don Allah in sun zo kar a ɓoye. Masu ciki da ƙananan yara ne dai ba a ba su.

Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura fa? Ƙwaya ba ta saɓe kumburin. Sai dai wanki kullum da sabulu da ruwa mai tsafta, a tsane tsakanin yatsu, a riƙa ɗaga ƙafar, a sa takalmi. Wannan ke rage zazzaɓin da ke ƙara kumburin. Gwaiwa kuwa tiyata ake yi a rabu da ita, a daina jin kunya.

Kuma gaisawa da cin abinci tare ba sa kawo ta. In akwai mai ita a unguwarku, ku je ku gaishe shi. Ni ban samu yi ba.

Ku tura wa 'yan'uwa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu lafiya.