Hayaƙin tsohuwar motar babana

Bara na shirya kai tsohuwar Corollar babana bizit, tana fidda hayaƙi baƙi ƙirin. Wani dillali ya ce in kawo jika biyar, takarda za ta fito ko ba gyara. Wallahi sai da na yi tunani. Amma na wuce gareji. Makaniki ya ciro filtar iska, ƙurar hunturu ta toshe shi, esansi na shiga inji ba iskar da za ta ƙona shi duka. Muka sauya shi da buji, aka yi bidanj, ta wuce. In hayaƙin shuɗi ne kuwa, man inji take ci, sai an buɗe ta. Da na biya dillalin nan, ɗan kabu-kabun da ke bayana da yarinya mai talla a bakin titi ne za su ci gaba da shaƙa.