Jawabi Ga Masu Dawaki: In Duƙushi Ya Ƙi Linzami



Maganar yau a kan duƙushi ce, wanda aka fara hora don hawa, amma ya ƙi linzami. Da an sa masa, sai ya riƙa kaɗa kai, yana buɗe baki, yana ɗora harshe a kan ƙarfen. Wani ya ja da baya, wani ya miƙe a kan ƙafafun baya. Mutane da yawa sukan ce taurin kai ne, su ɗauko bulala. Sau da yawa kuwa ciwo ne ko tsoro. Dokin da aka ɓata wa baki tun yana ƙarami yana iya kayar da mahayi a tsakiyar taron Hawan Sallah. Kuɗinsa ma yakan faɗi a kasuwa.

Da farko mai doki ya duba bakin dokinsa. Tsakanin haƙoran gaba da na tauna akwai fili inda babu haƙori. Nan linzami yake zama. Fatar wurin ba ta da kauri, kuma ƙashi ne a ƙarƙashinta. Saboda haka ja kaɗan ma doki yana jin sa sosai.

Doki yana yin famfara kamar yaro. Yakan fara canja haƙora yana da shekara 2 da rabi, ya gama wajen shekara 5. A wannan lokaci dasashinsa yakan yi ciwo, kuma a lokacin ne aka fi fara hawansa. Wani dokin yana da ɗan ƙaramin haƙori a gaban haƙoran tauna na sama, wanda ƙarfe yake bugawa. Haƙoran tauna kuma sukan yi kaifi a gefe, su yanki kumatu ko harshe. Likitan dabbobi yana iya goge kaifin, ya cire ɗan haƙorin nan. Kada mai doki ya gwada cirewa da kansa. A leƙa kunne kuma, don kaska tana sa doki kaɗa kai.

Na biyu, a duba linzamin. Irin na gargajiya mai zobe, mai tudu a tsakiya, yana danna ganɗa, yana matse muƙamuƙi. Ya yi wa sabon doki ƙarfi. A nemo mai santsi, marar tsatsa, wanda ya dace da faɗin bakinsa. Kada ya matse leɓe, kada kuma ya yi sako-sako har ya riƙa bugun haƙora. Kada a bar shi a rana ya yi zafi. Da hunturu a ɗumama shi a tafin hannu kafin a sa.

Na uku, a bi horo daki-daki. A fara da ragama, har doki ya iya tafiya da tsayawa da juyawa. Sa'an nan a shafa wa linzami ɗan zuma, a sa masa yana tsaye a turke, ba tare da an ja ba. A bar shi ya tattauna ƙarfen kamar minti 10, a cire. A yi haka kwanaki, ana ƙara lokaci kaɗan-kaɗan.

In ya saba, mai horo ya tsaya a ƙasa, ya ja kamazuru na gefe ɗaya a hankali. Da doki ya karkato kai, ko da kaɗan ne, sai a sake nan take. Wannan sakin shi ne ladansa, kuma da shi yake gane abin da ake so. Wanda ya riƙe kamazuru tamau bai sake ba, yana koya wa doki jayayya ne. A yi wa hagu, a yi wa dama. Sai an ga ya yi laushi sa'an nan a hau. Kada a fara da sukuwa da zamiya.

In baki ya yi rauni, a cire linzami, a wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, a koma ragama har ya warke. In doki ya daina cin dusa da harawa, ko abinci yana zubowa daga bakinsa, a kai shi asibitin dabbobi.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in aka yi gaggawa sai ya karye. Allah ya ba mu haƙuri da dabbobinmu, amin.